Kwantaccen Cikin Tabawa

Surajo ya shigo Karofane da hantsi a kan wata goɗiya mai taurin kai, akwatin aikinsa ɗaure a bayan sirdi, ba abin da ke ransa sai fura mai sanyi. Anfirme ne shi a asibitin Madawa, wato mai jinya da ke ƙarƙashin lokotoro, babban likita, an turo shi ƙauyukan Buza ya yi wa yara lambar rigakafin agana. Tun da a Karofane aka binne cibiyarsa, sai ya ce bari ya fara sauka gidan yayarsa Tabawa, wadda ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ya jiƙa maƙoshi kafin ya shiga kokawa da iyayen yara.

Sai ya tarar da gidan cike da mata. Ga wata ƙatuwar tukunya a kan murhu an cusa mata ganyen sabara, ga ƙwaryar man shanu rufe da faifai a gindin zana. Duk wanda ya ga wannan shiri ya san haihuwa ake yi ko ake jira, shi kuwa a iya saninsa babu mai haihuwa a gidan nan. Kafin ya gama ɗaure goɗiya wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa, ta ce masa ya zo a sa'a, cikin Iliyasu ya tashi.

Iliyasu shi ne mijin Tabawa. An kwashe shi soja shekarar da yaƙin Nasara ya ɓarke, ya bar ta da tsohuwarsa Cima, wadda ita ce ungozomar garin. Bayan tafiyarsa kaɗan Tabawa ta daina ganin al'ada. Aka yi murna, aka jira ciki ya fito, ciki ya ƙi fitowa. Cima ta shafa, ta latsa, ta yanke hukunci cewa ciki ya kwanta saboda firgitar rabuwa. A nan ƙasar Adar ba wanda zai yi mamakin wannan. Kowa ya tashi da jin cewa ɗa yakan yi barci a cikin uwarsa shekara da shekaru, ranar da Allah ya nufa ya farka. Yaƙi ya ƙare, sojoji suka dawo da manyan takalma da zagin Faransanci, Iliyasu ba ya cikinsu, ba kuma wanda ya iya cewa ga inda ya faɗi. Matan nan biyu suka riƙe cikin nan kamar yadda ake riƙe rumbu a shekarar fari. Muddin yana nan, ba mai bakin da zai ce Iliyasu ya ƙare.

To, tun kaka abu ya fara motsi, duk macen da ta ɗora hannu ta ji shi. Yau bayan la'asar Cima za ta ƙarasa tayar da shi. Za a gasa cikin da ruwan zafi, a shafe shi da mai, sannan ta sa gindin tafin hannu ta murje shi da duk ƙarfinta daga sama zuwa ƙasa, har ɗan ya sauko mazauninsa. Cima ta tsufa, amma hannunta bai tsufa ba, har yanzu ita ke ɗora targaɗen samarin unguwa suna kuka wiwi.

Gaskiya da farko dariya ce ta so kama Surajo, don ya sha ganin irin wannan. Shekarun yunwa sun rame mutane, ramamme kuwa in ya kwanta rigingine sai ka ga cikinsa yana ɗan harbawa, domin babbar jijiyar jini da ta sauko daga zuciya ta bi ta gaban ƙashin baya ne, ba kitsen da zai ɓoye ta. Wannan ba ciwo ba ne, tuwo ne maganinsa. Ya ce a ransa iyakaci a murza yayarsa ta kwana biyu da tsamin jiki, mata su watse, a koma jira.

Sai Tabawa ta fito daga ɗaki a hankali, hannu ɗaya dafe da ƙugu, fuskarta cike da fara'ar da ya daɗe bai gani ba.

"Auta, ka zaka? Allah ya kawo ka ranar ga."

Gemu ya cika masa haɓa, amma a bakinta har gobe Auta ne. Ta zauna tana dama masa fura tana ba shi labarin ɗan, ta ce mai ƙarfin hali ne kamar ubansa. Yana cizon bayanta dare da rana, ko ta kwanta ko ta zauna bai saki. Loma biyu take yi ta ƙoshi, don ya cika wurin. Wani lokaci har ƙafafunta sukan yi sanyi. Tana faɗa tana murmushi kamar mai nuna kayan ɗaki. Surajo ya ajiye ludayi, furar ta fita ransa. Rama ba ta cizon baya.

Ya daure ya roƙi a bar shi ya duba cikin kafin a taɓa. Mata suka rufe baki da gefen mayafi. Cima ta dube shi sama da ƙasa, ta ce lalle karatun Nasara ya kai inda ya kai, tun da ƙane ke neman ganin cibiyar yayarsa, saura kuma ya nemi wankan jego. Tabawa ce ta raba gardamar. Ta ji labarin abin nan da anfirme ke sa wa a kunne, wanda mutanen ƙauye ke kira kunnen Nasara, an ce yana jin ɗa tun yana ciki, ita kuwa tana son wani nata ya ji ya gaya mata. Ta shiga ɗaki ta kwanta a tabarma, ta rufe fuska da zane don kunya. Cima ta zauna wajen kanta tana gadi, aka ɗage asabarin ƙofa don haske.

Bai fara da hannu ba. Ya tsuguna har idonsa ya yi daidai da fatar cikin, kamar yadda aka koya masa a Yamai, ya duba. Ga abin nan yana ɗagowa yana komawa, amma saman cibiya yake, ya ɗan karkata hagu. Ƙasan cibiya, inda mahaifa ke zama, a shafe yake ba ko tudu.

Ya murza hannuwansa suka yi ɗumi, ya ɗora yatsa ɗaya a kowane gefen abin, sama-sama kamar mai taɓa ƙwai. In jijiya lafiyayya ce, ko wani ƙari ne ya hau kanta, yatsun biyu sama za su riƙa ɗagawa tare. Nasa ba haka suka yi ba. Da kowane bugu abin yana buɗa su, wannan ya yi dama wancan ya yi hagu, tsakaninsu kuwa ya kai faɗin tafin hannu. Ya ce wataƙila hannunsa ne ke rawa, ya sake, bai canza ba. Ya sa ta juya ta durƙusa bisa gwiwa da gwiwar hannu, domin ƙarin da ya hau jijiya yakan rabu da ita in aka kife, bugun ya ɓace. Cima ta yi tsaki ta ce yau kuma rarrafe ake koya wa matar mutane. Ya shafa ta ƙasa, bugun na nan daram a tafinsa.

Da ta koma rigingine sai ya fiddo kunnen Nasara, ya sa a kunnuwansa, ya ɗora bakin ƙarfen a kan wurin, ɗaya hannun ya kama wuyan hannunta. Allah ya sani, shi da ya zo yana dariyar kwantaccen ciki, a wannan lokaci roƙo yake yi ya ji ɗa. Zuciyar ɗa sauri take, ƙas-ƙas-ƙas, ba ruwanta da tafiyar zuciyar uwa. Abin da ya ji shi ne huci, fuu, fuu, irin na zugazugin maƙeri, kowane huci kuma yana faɗowa daidai da bugun da ke ƙarƙashin yatsansa. Ya tuna cewa mahaifa mai ɗa ita ma takan yi irin wannan huci, amma can ƙasa, sai ya gangara da ƙarfen yana lalube. Bai ji komai ba sai kukan hanji.

Sau ɗaya ya taɓa jin wannan sauti a wannan wuri. Lokacin da yake koyon aiki a Yamai an kawo wani tsohon ɗan dako, lokotoro ya jera su kowa ya saurara, ya hana kowa latsawa. Ya ce musu bangon jijiyar ne ya yi laushi ya kumbura, kamar salkar da fatarta ta siɗe a wuri guda, ba wuƙar da za ta gyara, ba maganin da zai mayar. Mutumin yana ta ba su dariya a ɗakin. Wata safiya ya sunkuya zai ɗaga tulun ruwa, sai ya zauna a ƙasa, fuskarsa ta yi fari fat, kafin a kai shi gado ya cika.

Surajo ya janye hannunsa. Ya tuna yawan matan da suka latsa wurin nan tun kaka, ya tuna tukunyar da ke tafasa a waje. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, har yana jin motsin numfashin yayarsa ma ya yi yawa.

"Mi kaj ji, Auta?" in ji Tabawa daga ƙarƙashin zane.

A nan ne ɗan lakkol, mai karatun boko, ya yi dabarar da ya ɗauka wayo ce. Bai iya duban zanen nan ya faɗi gaskiya ba. Ya ce ya ji motsi ƙwarai, sai dai ɗan ya kwanta a karkace, don haka kada a murza, kada ta yi daka, kada ta ɗauki tulu, a bar shi ya gyara kwanciya da kansa. Ya yi zaton ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Bai san ya ƙara wa wuta ice ba. Fuskar Cima ta washe, ta leƙa waje ta shaida wa mata cewa kunnen Nasara ma ya ji jikanta, gida ya ɗauki guɗa. Sannan ta juyo ta ce in dai a karkace yake ai gyaran karkace shi ne aikinta tun kafin a haifi uban Surajo, kuma ba a jiran la'asar da irin wannan, a sauke ruwa yanzu.

Surajo ya tsaya a tsakar ɗaki yana neman mafita. Ya ɗora Tabawa a goɗiya zuwa Madawa? Duwatsun hanya za su yi abin da hannun Cima zai yi, can ɗin ma ba abin da lokotoro zai ba ta sai kallo. Ya je wa mai gari da sunan kwamanda, Baturen mulki, a hana? Gobe zai wuce wani ƙauye, kafin ƙurar goɗiyarsa ta kwanta an murza. Ba abin da zai tsare Tabawa in ba Cima da kanta ta yarda ba. Ga mata har sun shigo da ruwa yana tururi, an ajiye ƙwaryar mai, tsohuwa ta gyara ɗaurin zane ta durƙusa, ta tsoma hannu biyu a man shanu ta yi bisimilla.

Bai san lokacin da ya kama wuyan hannunta ba. A garin nan ba a taɓa jin yaro ya riƙe hannun tsohuwa ba, balle surukar yayarsa. Ya roƙi matan su fita, suka fita suna waiwaye, shi kuwa ya durƙusa bai saki hannun ba.

"Inna, ki gahwarta mini, ƙarya niy yi. Ba ɗa ba na. Jijiyar jininta ta, ta kumbura. In kin danna ta, hwashewa za ta yi, Yaya ba ta kai la'asar."

Tabawa ba ta motsa ba a ƙarƙashin zane. Cima ta fizge hannunta, ta yi magana ƙasa-ƙasa cikin fushi.

"Ɗiyan da nik karɓa da hannun ga sun hi gashin kanka yawa. Kai ma ni niy yanke maka cibiya."

Ya ce haka ne, shi ya sa ba zai ce ta yarda da ƙarfensa ba, hannunta zai kafa shaida. Ya roƙe ta don Allah kada ta latsa, ta ɗora kawai. Hannu ɗaya a wuyan Tabawa inda jini ke harbawa, ɗaya a kan cikin, yatsa biyu a buɗe. Ya ce sannan ta gaya masa, a duk cikkunan da ta taɓa, ko ta taɓa gamuwa da ɗan da ke shuri tare da wuyan uwarsa, ba ya gaba ba ya baya, ba ya barci, ba ya sake gefe.

Ta harare shi, ta ɗora, don ta ƙaryata shi.

Surajo ya kafa mata ido. Yatsun nan masu maiƙo suna kan wurin, abin da ya rage kawai tsohuwa ta jingina nauyinta gaba kaɗan, ko don taurin kai ko don sabo, don hannun da ya saba murza ba ya shawara da mai shi. Yana kallon jijiyoyin bayan hannunta, yana kallon kafaɗarta, ya shirya ya faɗa mata in ta motsa, ko da garin zai tsine masa. Ruwan zafi na ta tururi a gefe. A waje wata akuya na kuka, wani yaro na kiran uwarsa. Yatsun Cima suka buɗe suka rufe, suka buɗe suka rufe, ita kuwa ta sunkuyar da kai, idonta a rufe, leɓenta na motsi kamar mai ƙirga.

An daɗe a haka. Sannan ta ɗaga hannun a hankali, hankalin da shi kansa bai kai ba, ta riƙe shi a sama tana dubansa kamar ba nata ba. Ta goge man a zanenta. Ba ta ce ya yi gaskiya ba, tsofaffi ba su faɗin haka. Abin da ta ce kawai shi ne ranar kasuwar da ta wuce ta ɗan latsa wurin da ƙarfi, Tabawa ta yi ƙara, ita kuma ta yi mata faɗan raki. Ta dafa bango ta miƙe, ta fita.

Ya ji ta tana sallamar mata da 'yan kalmomi. Ya ji an tuntsurar da sauran ruwan tukunya a bayan ɗaki. Can sai ya ji wani kuka ya tashi daga wajen murhu, kukan tsohuwa mai kaushi, tana kiran Iliyasu da sunansa. Ɗan farinta ne, tun da ta haife shi kunya ba ta bar sunan ya fita bakinta ba sai yau.

Tabawa ta janye zane daga fuskarta. Idonta a bushe yake. Ta tambaye shi magani, ya ce babu. Ta tambaye shi yaushe, ya ce Allah kaɗai ya sani, in ta bar daka da ɗaukar kaya da duk wani yunƙuri tana iya shekaru, yana kuma iya zama gobe. Ya so ya sassauta, amma ya ga inda sassauci ya kusa kai su ɗazu, sai ya faɗa mata duka yana hawaye kamar yaron da aka daka. Ta miƙa hannu ta ce ya ba ta abin ta ji da kunnenta. Ya sa mata, ya riƙe mata ƙarfen a wurin da yatsa biyu.

Ta daɗe tana saurare, idonta a kan rufin ɗaki. Da ta cire sai ta ce kullum in ta kwanta ɗan nan take ba labari, abin da aka shuka, wanda ya yi aure, wanda ya dawo daga yaƙi, shi kuma yana amsa mata a tafin hannu. Har suna ta zaɓa masa ta ɓoye.

"Ashe ni ɗai ta cikin ɗakin ga tun da mai gida yat tahi."

Kukan Cima bai tsaya ba, Tabawa ta juya kai wajen ƙofa, ya ga tana son ta je gare ta, don ba wanda ya rage wa tsohuwar sai ita. Ta dafa tabarma za ta yunƙura kamar yadda ta saba, sai ta tsaya cak, hannunta ya koma saman cibiya bai taɓa ba. A karo na farko ya ga tsoro a fuskar yayarsa, matar da ke kashe maciji da taɓarya.

"Auta, in tashi, ko in kwanta hakanan?"

Shi da ya yi karatu a Yamai bai san amsar ba. Ya zura hannu a bayanta, ya ce ta sake jikinta duka a kansa kada ta taimaka, ya fara ɗago ta kaɗan-kaɗan, su biyun ba mai numfashi.